Kwanon da Ya Rage a Gidan Malam Siradji

Jawabin Uzairu Alamin a taron sadakar arba'in ta marigayi Malam Siradji Abdussamad, a ƙofar gidansa da ke Diguel, N'Djamena. An kwafe shi daga muryar da aka naɗa a waya, har da maganganun da aka yi daga cikin taro.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina fara gaisuwa da babanmu Liman, Malam Abdurrahim, wanda ya ja mu addu'a. Ina gaida wakilin Sarkin Hausawa, da mai unguwa, da dattawan Diguel. Ina gaida Dakta Hanatu, shugabar sashenmu na masu ciwon daji, da abokan aikin da suka zo tare da ita. Ina gaida Baba Alhaji Waliyyullahi, yayan marigayi, wanda yau shi ne uban wannan gida. Ina gaida Inna Aminatu da ke cikin takaba a bayan wannan labule, ita da iyayenmu mata da ke zaune da ita. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Sunana Uzairu. Bana na karɓi diplom. A ƙarƙashin Malam Siradji na yi staj, wato koyon aiki, kuma da ya rasu a kan teburinsa aka zaunar da ni, don babu wani. A nan akwai waɗanda suka san shi tun kafin a haife ni. Ku yi mini uzuri, ban taɓa magana a gaban iyayena haka ba. Abin da na gani da idona zan ce na gani. Abin da aka faɗa mini zan ce faɗa mini aka yi.

Da yawa a unguwa suna ce masa dakta. Shi da kansa yakan gyara, ni ma zan gyara. Malam Siradji bai taɓa yi wa kowa allura ba. Aikinsa yana farawa ne bayan likita ya gama nasa: lokacin da mara lafiya ya fito da ordonans, takardar magani, a hannu, ya je farmasi aka gaya masa kuɗin magani, ya dawo ya zauna a kan benci ya kasa tashi. A kan wannan bencin Malam yake samun mutanensa.

Ga waɗanda ba su sani ba, maganin daji da muke kira shimiyo ba sau ɗaya ake ƙara wa mutum shi ba. Ana yi, a huta makonni, a sake. Wanda ya zo daga nesa yana da hanya biyu. Ko ya koma gida ya dawo, ya biya mota kowane zuwa, ko ya zauna a birnin da bai san kowa ba, ya nemi wurin kwana da abin ci. Zuwan farko mutum ya sayar da akuya. Na biyu ya jinginar da gona. Na uku sai mu kira sunansa, babu mai amsawa.

Malam ya kasance mai gane wanda ke shirin guduwa tun kafin ya gudu. Na ga wannan a makona na farko. Wani dattijo makiyayi, Buba, ya zo yi mana sallama, kayansa a kafaɗa.

Ya ce, “Malam, zan leƙa dabbobi in dawo.”

Malam ya ce, “Waɗanne dabbobi, Buba? Ba kai ka ce mini ta ƙarshen tana wajen mahauci ba? Ko ta haihu a can?”

Buba ya yi dariya. Ya ce, “Kwana nake a gindin katangar asibiti. Na gaji da roƙon shayi.”

Malam bai yi masa wa'azi ba. Ya ɗora shi a bayan babur ɗinsa, ya kai shi wani gida a Lamadji. Buba ya gama maganinsa. Ban san halin da yake ciki yau ba, amma na san ya gama.

Ya kasance mai naci. Direbobin tasha sun san shi, wasu in sun hango shi sai su ɓuya a bayan mota, don sun san zai nemi kujera ɗaya kyauta. Ya kasance yana zama da Dakta Hanatu su tsara masu magani iri ɗaya a rana ɗaya, don kada ragowar kwalbar da wani ya saya da kuɗin gonarsa ta tafi a banza. Ya kasance mai shiga ofis ɗin da aka kore shi jiya, ya yi sallama kamar bai taɓa zuwa ba.

Amma babban aikinsa a cikin gidajenmu ya yi shi, mu Hausawan wannan birni. Ya bi Diguel, ya bi Boutalbagar, ya bi Lamadji, yana neman ɗaki ɗaya a gida, ko rumfa, ko zaure. An faɗa mini wani attajiri ya taɓa ce masa shi ba ya saukar da wanda bai san asalinsa ba. Malam ya ce masa, “Kakanka da ya taso a ƙasa zai tafi Makka, ƙafarsa ta kumbura a bakin kogin nan, wa ya san asalinsa? Da an tambaye shi takarda, da yanzu kai ba ka da katangar da za ka hana mutane jingina.” An ce attajirin ya zage shi, sannan ya ba shi mabuɗi.

Kuma yana da sharaɗi ɗaya, wanda kowace uwa a bayan labulen nan ta sani. Ba a kai wa baƙonsa abinci a leda. A kwano ake kaiwa, kwanon gida, mai murfi, kamar yadda muke ciyayya tsakanin maƙwabta. Shi kuma baƙo ba ya mayar da kwano wayam. Ko gyaɗa ce, ko lemon tsami biyu, ko ɗan kanwa, sai ya sa wani abu.

Ni da nake sabon fitowa daga makaranta na ga wannan wahala ce. Na ce masa, “Malam, mutumin da ba shi da kuɗin magani, don me za a sa shi neman gyaɗa? Me zai hana a haɗa musu buhun gero kowa ya ɗauka?”

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, “Ɗan diplom, ka taɓa cin sadaka wata uku a jere?”

Na ce a'a.

Ya ce, “To ba ka san nauyinta ba. Mutum yakan gaji da cewa na gode. Ran da ya gaji, sai ya ɗaure kaya da asuba, ba sallama. Amma idan kwanon matar gida yana ɗakinsa, ina zai je da shi? Sai ya mayar. In ya mayar, a sake cika masa. Ni ba ni da igiyar ɗaure mutane, Uzairu. Kwano nake da shi.”

Iyayena, da a nan aka ce in tsaya. Baba Alhaji ya kira ni shekaranjiya ya ce in yabi ɗan'uwansa in zauna. Na yabe shi, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Amma akwai maganar da ake yi a shagunan shayi da wajen famfo, ba a yin ta a nan, kuma tana rushe aikin da muka taru muna yabo.

Ana cewa a wajen baƙinsa ya ɗauki ciwon da ya kashe shi.

Na nemi izinin Inna Aminatu kafin in faɗi abin da zan faɗa, ta ba ni. E, ciwon daji ne ya yi ajalin Malam Siradji. Na hanji ne. Ba zan ɓoye ba, don in na ɓoye wannan ba za ku yarda da sauran ba. Amma ba ɗauka ya yi ba. Daji ba ya bin kwano, ba ya bin tabarma, ba ya bin numfashi ko gaisuwar hannu. Akwai wasu cututtuka da ake ɗauka, kamar wani nau'in ciwon hanta, waɗanda bayan shekaru suke iya jawo daji. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne na Malam ba, kuma ba shi ne na baƙuwar da ya saukar a gidan nan ba. Ga Dakta Hanatu a zaune. Ita ta duba shi, ita take taɓa masu wannan ciwo da hannunta tun ina firamare. Idan na yi kuskure ko na kalma ɗaya, ina roƙon ta tashi ta ƙaryata ni a gabanku.

Ba ta tashi ba.

Tun da aka fara wannan magana, ga abin da na gani. Gidajen da suka saba aika kwano sun koma aika leda. A ajiye a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, a juya. Abincin bai ragu ba, tuwon esh ne da miya kamar kullum, wani lokaci har da nama. Ba rowa kuka yi ba, tsoro kuka ji. Amma baƙin sun gane. Biyu sun riga sun tafi da magani a tsakiya. Ɗaya na same shi a waya, ya ce in bar shi ya mutu a inda ba a ƙyamarsa. Ɗayan wayarsa ba ta shiga.

Saura wadda take cikin gidan nan. Sunanta Hadjara, ta yarda in ambace ta. Daga wani ƙauye kusa da Bol ta zo, kifi busasshe take sayarwa kafin ciwo ya kwantar da ita. Malam ya sauke ta a ɗakin da ke jikin zaure, ga shi can, mai ƙofar kwano. Ta yi mafi yawan maganinta. Dakta ta ce ƙarin da ke jikinta ya ragu, ana iya aunawa. Ba zan ce muku za ta warke ba, wannan na Allah ne. Abin da na sani shi ne, idan ta tsaya yanzu, abin da ya ragu zai dawo, kuma duk abin da ta sayar ya tafi a banza. Ranar Talata ake jiranta. An samo maganin, yana cikin firij da sunanta. Ita kuma ta kama kujera a motar Bol ta gobe da safe, don an gaya mata bayan arba'in za a share ɗakin.

Alhaji Waliyyullahi, daga kan tabarma: “Uzairu. Yabo aka ce ka yi. Maganar gida ba ta lasifika ba ce.”

Gaskiya ne, Baba. Tun jiya na zo gida sau biyu, aka ce kana tare da baƙi. Gobe kuma mota za ta tashi. Ka yi mini haƙuri in ƙarasa, in na gama ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama.

Jiya da la'asar na shiga wajenta. Na tarar ta ɗaure kaya, ta naɗe tabarma.

Na ce, “Yaya Hadjara, ina zuwa? Talata fa?”

Ta ce, “Kalas, an gama, ɗan Malam. Talata ta masu gida ce.”

Na ce, “Ai ana kawo miki abinci.”

Ta ce, “Ana kawowa. Yadda ake kai wa karen gadi. Ni a garinmu in na dafa, gida huɗu ke ci.”

Sai ta jawo wannan daga bayan kayanta. Ku da kuke baya, kwano ne nake ɗagawa, fari mai bakin shuɗi, da murfinsa. Kwanon Inna Aminatu ne. Shi ne na ƙarshe da ya shiga ɗakin Hadjara kafin rasuwa. Ta ce ta kai shi cikin gida bayan sadakar bakwai, matan da ke aikin girki suka ce ta bar shi, an bar mata. Ta sake kaiwa, aka ce ta ajiye can gefe, babu wanda ya taɓa, har ta dawo ta ɗauka.

Ta ce mini, “Kai ka mayar. Ba na tafiya da kwanon mutane. Na sa kantu a ciki, da hannuna na yi. In ba za su ci ba su zubar bayan na tafi, kada in gani.”

Na karɓa. Ban mayar ba. Na kwana da shi a ɗakina, don na san in ya koma kuma bai sake fitowa ba, babu sauran abin da ke riƙe da ita a garin nan.

Baba Alhaji, ni na ga abin da ka yi wa ƙaninka. Na gan ka a kan bencin nan da na ambata, da ordonans ɗinsa a hannunka. Na ga ka sayar da filinka na Lamadji ba ka gaya masa ba. Na ga ka ɗauke shi a hannu ka sa a mota. Wanda ya yi wannan ba mugu ba ne. Na san abin da kake tsoro: marayun nan uku da ya bari, kada abin da ya ɗauke ubansu ya bi su. In da haka ne, da ni zan fara cewa a share ɗakin. Amma in akwai mai haɗari a gidan nan, mu ne. Maganin yana raunana jikinta, tarin da yaro zai yi ya warke, ita yana iya kwantar da ita.

Alhaji Waliyyullahi: “Za ka rantse yaran nan ba za su taɓa yin ciwon ba?”

A'a, Baba. Ba zan rantse ba, ban san gaibu ba. Kowa a nan yana iya yin sa, har ni. Daktar ma ta ce in sun girma a riƙa duba su, saboda jinin mahaifinsu. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne ba daga Hadjara zai zo musu ba, kuma ba daga wannan kwano ba.

Zan ajiye shi a nan, a tsakiyar tabarma. Na buɗe. Kantun riɗi ne. Da zan ci, amma cina ba zai amfane ta ba, ta san ni ma'aikaci ne, za ta ce aikina nake yi. Na gida take jira. Iyayena, shekara da shekaru mutumin nan yana ƙwanƙwasa ƙofofinmu, bai taɓa roƙa wa kansa komai ba. Mun yi masa salla, mun yi masa sadaka, yau mun dafa shinkafar da ta ishi unguwa. Ban san abin da zan ƙara ba. Ban shirya abin da zan faɗa ba idan babu wanda ya miƙo hannu.

Sannan muryar Inna Aminatu, daga bayan labule: “Malam Liman, a gafarce ni, na ɗaga murya cikin maza. A miƙo mini kwanona.”

Alhaji Waliyyullahi: “Aminatu, kina takaba.”

Inna Aminatu: “Takaba ta hana ni fita, Yaya, ba ta hana ni cin kantu ba. Ni ban san an mayar da ita da kwanon nan ba, ina cikin ɗaki. Wata biyar muna ci da matar nan. Ni na yi jinyar ɗan'uwanka, ni na wanke masa, ga ni zaune. A miƙo.”

Ku da kuke baya, Malam Liman ne ya ɗauki kwanon da kansa. Ya gutsuri kaɗan ya sa a baki kafin ya miƙa ta ƙarƙashin labule.

Inna Aminatu: “Ta cika sukari, kamar kullum. A gaya mata ta kwance kayan nan. Da magariba zan aika mata wainar kisar a kwanon nan.”

Alhaji Waliyyullahi: “To. Ɗaki da gida na mai takaba ne har ta fita, ba ni da ikon tashin baƙuwarta. Bayan nan sai mu zauna. Ni dai ba zan ci ba. Kai kuma, Uzairu, ka same ni bayan an watse.”

Zan zo, Baba. Na gode. Lokacin da ya rage na takaba ya ishi maganin da ya rage mata, na duba tun jiya. Ban roƙi fiye da haka ba.

Ina gode wa Inna Aminatu. Ina gode wa Malam Liman. Ina gode wa Baba Alhaji da ya bar ni na ƙarasa, alhali yana da ikon sa a kashe lasifika. Ina gode wa duk wanda ya tako ya zo. Iyayena mata na Diguel da Boutalbagar da Lamadji, akwai sauran baƙi a ɗakunanku da na maƙwabtanku. Yau in za a raba shinkafar sadakar nan, ina roƙon rabonsu ya tafi a kwano.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Siradji ɗan Abdussamad. Ya saukar da baƙin da bai sani ba, ka sauke shi a masauki mafi kyau. Ka yalwata masa kabarinsa, ka yafe masa kurakuransa. Ka raya 'ya'yansa cikin lafiya, ka ba matarsa da yayansa haƙurin rashinsa. Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi. Waɗanda suka tafi da magani a tsakiya, ka juyo mana da su. Ka cire mana tsoron da ba shi da tushe, ka bar mana tsoronka. Amin.

Yaya Hadjara, na ga ƙofarki a buɗe, na san kin ji komai. Talata da safe zan zo da babur. Kada ki wanke kwanon ki ajiye a ɗaki, jiransa za a yi a cikin gida.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.